Yadda Ake Koya wa Ɗalibai Rubuta Waƙar Harafin Farko

Duk malamin Hausa da ya taɓa shiga ajin ƙaramar sakandare ya ce wa yara su ɗauko takarda su rubuta waƙa, ya san irin shirun da ke biyo baya. Yaran da ke rera waƙoƙin gaɗa da na tashe a filin wasa ba tare da tuntuɓen harshe ba, da zarar an ajiye musu farar takarda sai su yi ta taunar bayan biro har a kaɗa ƙararrawa. A shekarun da na yi ina koyarwa a nan Jos, ban ga abin da ke karya wannan shiru da sauri kamar waƙar harafin farko ba, wato wadda Turawa ke kira akrostik. Tsarinta shi ne a rubuta wata kalma a tsaye daga sama zuwa ƙasa a gefen hagu na takarda, kowane harafi nata ya zama farkon ɗango guda, wato layi ɗaya na waƙar, ta yadda idan aka karanta haruffan farko kaɗai kalmar za ta fito. Yaron da aka ba harafin farko ya riga ya sami inda zai dafa, ya kuma san adadin ɗangwayen da ake nema a gare shi, saboda haka tsoron takardar yakan ragu.

Sai dai sauƙin nan nata shi ne haɗarinta. Idan malami ya tsaya a kan cika haruffa kawai, zai tara takardu sittin masu ɗauke da jimlolin da ba su san juna ba, waɗanda babu abin da ya haɗa su sai tsayuwa a layi ɗaya. Matakan da ke tafe an jera su ne domin ɗalibi ya fara da abin da yake son faɗa kafin ya waiwayi harafi. Aikin yana cin darasi uku masu minti arba'in-arba'in, kuma ba ya buƙatar komai fiye da allo, alli, littafin rubutu da kwali biyu ko uku.

Mataki na farko: a nuna musu cewa abin yana da asali

Minti biyar na farkon darasi sun isa wannan, amma kada a tsallake shi, domin yara sukan ɗauki irin wannan waƙa a matsayin wasan Turawa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793, ta rubuta waƙa da Fulatanci a 1822 wadda farkon baitocinta ke bin haruffan aya ta 5 ta sura ta 94 a Alƙur'ani, wato ayar da ke cewa lallai tare da tsanani akwai sauƙi. A Littafi Mai Tsarki kuma, Zabura ta 119 a asalinta na Ibrananci an gina ta ne a kan haruffa 22 na wannan harshe, kowane harafi da ayoyi takwas da ke farawa da shi, abin da ya ba da ayoyi 176. A ajin Jos, inda Musulmi da Kirista ke zaune a benci ɗaya, kawo misalan nan biyu tare yakan sa kowa ya ji yana da rabo a darasin.

Akwai wani darasin a cikin misali na biyu. Wanda ya buɗe Zabura ta 119 a fassarar Hausa ba zai ga ayoyin suna bin jerin haruffa ba, domin kalmomin Hausa ba sa farawa da haruffan da na Ibrananci suka fara da su. Malami ya yi amfani da wannan ya gargaɗi ɗaliban da suka saba tsara tunaninsu da Turanci sannan su juya shi zuwa Hausa, cewa a wannan aiki dabarar ba za ta yi ba, sai dai a yi tunanin da Hausa tun daga tushe.

Mataki na biyu: zaɓen kalmar da za a gina waƙa a kanta

Nan ne mafi yawan darussan ke lalacewa tun kafin a fara su, saboda haka ya kamata malami ya zauna a gida ya zaɓi kalmominsa da fensir a hannu. Kalmar farko ta kasance gajera, mai harafi uku zuwa biyar, kuma ta zama sunan abin da yaro ya gani da idonsa ko ya taɓa da hannunsa, kamar ruwa, wuta, rana, gona ko shayi. Kalmomi irin su adalci, ilimi da zumunci suna da kyau a kunne, amma suna jan yara zuwa maimaita wa'azin da suka haddace, don haka a ajiye su sai hannu ya faɗa.

Bayan tsawo da ma'ana, sai a duba haruffan ɗaya bayan ɗaya. Kusan duk kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma wasali yana cikin kowace gaɓa, don haka kusan rabin ɗangwayen kowace waƙa da wasali za su fara. Wasalin A ba shi da matsala, haka I da U suna da abin da za a ɗiba, irin su ido, iska, inuwa, itace, uwa, uba, unguwa, ungulu da uzuri. Wasulan E da O ne masu wuya, domin kalmomin da ke farawa da su 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu na aro ne, kamar eka, ofis, oda da Oktoba, sai kuma "e" ta amsawa da "oho". Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda sunan garinmu yana ɗauke da O a tsakiyarsa, sunan jihar kuma, Filato, da shi ya ƙare. Na taɓa ba wani aji kalmar JOS ba tare da na yi wannan lissafi ba, sai na tarar fiye da rabin takardun sun fara ɗango na biyu da "Ofishin gwamna", ko da kuwa sauran waƙar a kan sanyi take magana. Tun daga ranar nake rubuta 'yan kalmomin O a gefen allo, in kuma nuna musu yadda za a saƙa ɗaya daga ciki ta zauna daidai:

Jerin duwatsu su ne ganuwar garinmu,
Oktoba na wucewa, sanyi ne baƙonmu,
Sai mu hura wuta, mu gasa dankalinmu.

Ga harafin E kuwa, dabara mafi sauƙi ita ce a sa ɗangon da ya gabace shi ya zama tambaya, shi kuma ya zama amsa. Kalmar DUTSE ta nuna wannan, ta kuma nuna wata ƙa'idar da dole a yanke tun farko, wato yadda za a lissafa baƙaƙe masu goyo:

Daɗaɗɗe ne, ya riga kakanninmu zama,
Ungulu kaɗai ke kai masa gaisuwa a sama,
Tsayuwar nan tasa za ta kai ga jikokinmu ma?
E, yana nan daram, mu ne za mu koma.

Ɗango huɗu ne a nan, ba biyar ba, saboda TS baƙi ɗaya ne a Hausa, haka ma SH. A ganina gara a bi da KW, GW, KY, GY, ƘW da ƘY ta wannan hanya, domin kowannensu sauti ɗaya ne a baki, kuma haka ake koya wa yaran a darasin gaɓa. Idan wani malami ya fi son raba waɗannan na baya, ba laifi, muddin ya sanar da ajin kafin a fara, bai kuma sauya ra'ayi a lokacin duba takardu ba.

Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato Ɓ, Ɗ da Ƙ, tare da 'Y, su ma a ba su haƙƙinsu. Ɗalibai da yawa a Jos sun tashi da Hausa ne a matsayin harshen unguwa da kasuwa, a gida kuwa ana yin Birom, Afizere, Anaguta, Angas, Tarok ko wani harshen, kuma a bakin da yawa daga cikinsu bambancin K da Ƙ ko D da Ɗ bai fito sosai ba. Waƙar harafin farko hanya ce mai daɗi ta gyara wannan ba tare da an kunyata kowa ba. Idan kalmar ƘURA ce, ɗangon farko sai ya fara da ƙofa, ƙauye ko ƙafa, wanda ya fara da kare ko kaza kuwa ya koma waƙar kura mai cin akuya. A rubuta irin waɗannan tagwaye a allo, kamar ƙasa da kasa, ɓari da bari, ɗaka da daka, a furta su tare sau biyu ko uku, sannan a wuce.

Mataki na uku: a kafa misali biyu a allo, mai rauni da mai ƙarfi

Bayani mai tsawo a kan abin da ke sa waƙa ta yi armashi ba ya shiga kan yaro kamar yadda kwatanci ke shiga. Malami ya raba allo biyu, ya rubuta RUWA a tsaye a kowane ɓangare, sannan ya cika na hagu da irin abin da yara ke fara kawowa:

Ruwa yana da kyau,
Uwa tana son ruwa,
Wanka ana yi da ruwa,
Ana shan ruwa.

A ɓangaren dama kuma ya rubuta wannan:

Rana ta ɓuya, hadari ya haɗu a bisa,
Uwa ta kwashe shanya, yara sun bar wasa,
Walƙiya ta haska duwatsun Shere daga nesa,
Aradu ta amsa, sai ga yayyafi a ƙasa.

Kada malami ya faɗi wadda ta fi. Ya sa a karanta duka biyun da ƙarfi, ya tambayi ajin wacce ce ta sa suka ga wani abu a zuci, kuma me suka gani. Da 'yar jagora yaran da kansu za su gano abubuwa uku. Na ɗaya, waƙa ta biyu tana da tafiya, domin an fara da haɗuwar hadari aka ƙare da saukar yayyafi, ta yadda ba za a iya musanya ɗango na farko da na ƙarshe ba, alhali ta farkon ko an birkita ta babu abin da zai ragu. Na biyu, kalmar ruwa ba ta fito ko sau ɗaya a cikin ta biyun ba, amma kowa ya san a kansa ake magana. Na uku, ƙarshen ɗangwayen duk da "sa" suka ƙare. Abu na biyun nan shi nake mayarwa doka a ajina, wato kalmar da aka rubuta a tsaye ba ta da izinin shiga cikin waƙar. Wannan doka ita kaɗai takan kawar da rabin raunin da ake gani a rubutun masu koyo.

Mataki na huɗu: cika rumbu kafin a waiwayi haruffa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ya kamata ya ci ragowar darasin farko. A goge allo, a rubuta sabuwar kalma a kwance a tsakiya, misali SHAYI, a ce wa yara su manta da batun haruffa gaba ɗaya. Malami ya yi ta jefa tambayoyi yana rubuta duk amsar da aka ba shi: a ina ake samunsa, da wane lokaci, me ake gani a wurin, me ake ji da kunne, wane ƙamshi ke tashi, su wa ke zama, me mai shi yake yawan faɗa. Yaron da ke bi ta Titin Bauchi ko Farin Gada da sassafe a watan Disamba ba zai rasa amsa ba. Cikin minti goma allo zai cika da kalmomi irin su tururi, buta, benci, kofi, citta, burodi, madara, hunturu, asuba, rediyo, leburori, direbobi da bashi.

Sai bayan rumbun ya cika ne za a rubuta SH, A, Y, I a tsaye, a tambayi ajin wace kalma ce a cikin rumbu ta dace da wane harafi. Asuba za ta tafi ga A nan take. Sauran haruffan ba su sami kowa ba, kuma a nan ne malami zai koyar da dabara mafi amfani a duk darasin, wato juya jimla. Hausa tana ba da damar a gabatar da wuri, lokaci, sharaɗi ko abin da ake magana a kansa zuwa farkon jimla. Idan yaro yana son ya ce tururi yana tashi a shagon bakin titi, ga shi kuma SH ake nema, sai a ɗauko shagon a kawo shi gaba. Idan yana son ya ce mai shayi ba ya ba da bashi, ga shi kuma I ake nema, sai a buɗe da "idan". Ta haka ajin zai iya isa ga wani abu mai kama da wannan:

Shagon bakin titi, tururi yana tashi,
Asubar hunturu ce, buta tana nishi,
Yaro ya miƙo kofi, citta tana ƙamshi,
Idan ka sha ka biya, Malam ba ya ba da bashi.

Malami ya riƙa rubuta shawarwarin yara yana gogewa a gabansu, har da nasa, domin su ga cewa ɗango ba ya zuwa a gyare. Idan wani ya kawo magana irin "buta tana nishi", a tsaya a yaba masa, a gaya wa ajin cewa wannan ita ce mutuntarwa, wato ba wa abin da ba mutum ba halin mutum. Sunan adon harshe yakan zauna a kai idan an ji shi a kan misalin da ɗan aji ya ƙirƙira, kuma zai yi musu amfani a gaba lokacin nazarin rubutacciyar waƙa don jarrabawar WAEC da NECO.

Akwai wata ɓarauniyar hanya da yara ke ganowa da wuri, wadda ya kamata a toshe. Ƙananan kalmomi irin su a, ina, ita, idan, na, ka, ya da wani suna iya buɗe kusan kowace jimla, saboda haka malalacin ɗalibi zai iya cika waƙa da su ba tare da ya nemi kalma ko ɗaya ba. Ba a hana su gaba ɗaya, tunda ga "idan" ta yi aiki a misalin da ke sama, amma a ƙayyade cewa ɗango ɗaya kaɗai a cikin waƙa ke da izinin farawa da irinsu.

Mataki na biyar: rukuni, sannan kowa da tasa

Darasi na biyu ya fara da rukunoni na mutum huɗu ko biyar. A ba kowane rukuni kalma dabam a ɗan guntun takarda a naɗe, a ce kada su bari maƙwabtansu su gani. Minti biyar na cika rumbu, minti goma na tsara ɗangwaye. Kalmomi irin su GONA, WUTA, KUZA, HAZO, KEKE da ACCA sun dace da yaran Filato, ko da yake HAZO da KEKE a ba rukunin da ya fi ƙarfi saboda wasulan ƙarshensu. Kalmar KUZA takan buɗe hira mai amfani, domin yara da yawa suna wuce tafkunan da haƙar kuza ta bari a wajajen Bukur da Rayfield ba tare da sun san asalinsu ba.

Daga nan sai kowa ya koma mazauninsa ya yi waƙa da sunansa. Amfanin suna shi ne babu wanda zai kwafi na wani, kuma kowa ya san abin da zai faɗa a kan kansa. Matsalarsa kuwa ita ce rashin daidaito, domin mai suna Ladi ɗango huɗu zai ishe ta, alhali Abdurrahman yana fuskantar goma sha ɗaya. A bar mai dogon suna ya yi amfani da gajeren da ake kiransa da shi a gida, ko sunan rana. Masu sunaye irin su Peter da Victoria, waɗanda ke ɗauke da P ko V da babu su a abacadar Hausa, za su iya ɗaukar yadda ake faɗin sunan da Hausa, kamar Bitrus, ko su zaɓi sunansu na gida. A gargaɗe su kada su jera kalmomin yabon kai kurum, a nemi kowane ɗango ya faɗi wani abu na gaskiya da ɗan aji bai sani ba:

Lahadi aka haife ni, daga nan na sami suna,
Acca in an dama gwatenta, ita ce abar sona,
Dare in ya yi, tatsuniya nake yi wa ƙannena,
In na girma, aikin jinya ne burina.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce yaro ya yi waƙa da sunan ɗan ajinsu. Hausawa mutane ne masu gwanintar zambo da habaici, yaranmu kuma ba a bar su a baya ba, don haka abin da aka fara da raha yana iya ƙarewa da kuka a bayan aji. Wanda ke son yabon wani ya yi da INNA, BABA ko KAKA.

Mataki na shida: gyara da kunne

Rubutacciyar waƙar Hausa don rerawa ake yin ta, saboda haka gyaran farko na kunne ne. A darasi na uku kowane ɗalibi ya karanta wa na kusa da shi waƙarsa a hankali, suna tafa hannu a kan kowace gaɓa suna ƙirgawa. Ɗangwayen waƙar RUWA da ke sama suna da gaɓa 14, 13, 15 da 14, kuma irin wannan kusanci ya isa a wannan mataki. Idan ɗango ɗaya yana da gaɓa shida wani kuma yana da ashirin, sai a rage dogon ko a ƙara wa gajeren. Maganar gaɓa mai nauyi da marar nauyi da ma'aunin aruli a bar ta sai babbar sakandare, domin ɗora ta a kan mai koyo a yanzu zai mayar da shi ga shirun da aka fito da shi daga ciki.

Amsa-amo, wato ƙarewar ɗangwaye da gaɓa iri ɗaya, shi ne na ƙarshe da za a nema, kuma a waƙar farko ba dole ba ne. Wanda ya shirya masa, a koya masa ya zaɓi gaɓar ƙarshe ɗaya, ya jera kalmomi shida ko bakwai masu ƙarewa da ita a gefen takarda, kamar tashi, nishi, ƙamshi, bashi, gashi da rashi, sannan ya ga waɗanda za su shiga ba tare da sun karkatar da maganar ba. Yara za su gano cewa ɗafa "na" ko "mu" na mallaka a ƙarshen kowace kalma yana ba da amsa-amo a ɓagas, kamar yadda aka yi a waƙoƙin JOS da LADI. A karɓa a karon farko, a karo na biyu kuma a nemi irin na bisa, wasa, nesa da ƙasa, inda kowace kalma take da gaɓar a jikinta. Idan amsa-amo ya tilasta wa yaro faɗin abin da ba shi da ma'ana, a ce masa ya saki amsa-amon ya riƙe ma'anar.

Bayan kunne sai ido. A duba lanƙwasar baƙaƙe, a duba rabewa da haɗewar kalmomi, musamman irin su "ba ta" da "bata" ko "ma su" da "masu", a kuma duba jinsi, domin "rana ya fito" kuskure ne da ake yawan gani a takardun yaranmu.

Karantawa da ba da maki

Minti goma sha biyar na ƙarshe a mayar da su na kacici-kacici. Wakilin kowane rukuni ya tashi ya karanta waƙarsu ba tare da ya faɗi kalmar ba, sauran ajin kuma su rubuta harafin farko na kowane ɗango da suka ji har su gano ta. A nan ne dokar hana ambaton kalmar ke biyan kuɗinta, kuma a nan ne mai karatu ke gane cewa idan bai furta Ƙ da kyau ba ajin zai rubuta K.

Wajen ba da maki, idan ashirin ne jimla, nakan ware takwas ga ma'ana da haɗuwar ɗangwaye a kan jigo ɗaya, huɗu ga zaɓen kalmomi da adon harshe, uku ga daidaiton haruffan farko, uku ga ƙa'idojin rubutu, biyu kuma ga daɗin sauti. Da gangan na rage makin haruffa, domin shi ne ɓangaren da kowa ke iyawa, kuma idan aka ba shi rabin maki yara za su ɗauka shi ne aikin. A sanar da su wannan rabo kafin su fara rubutu. Waƙar farko kuma a yi ta a cikin aji, saboda wadda aka tafi da ita gida sau da yawa da hannun yaya ko na wayar salula take dawowa.

Ajin da ya ƙware za a iya matsar da shi gaba ta hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce a ba su kalma mai tsawo da ta dace da wani lokaci, kamar 'YANCI a makon 1 ga Oktoba ko DAMINA a farkon zango na uku, a kuma nemi kowane harafi ya ɗauki baiti mai ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu, maimakon ɗango guda. Ɗayar kuma ita ce a bar haruffa a koma ga kalmomi, a ɗauki karin magana a sa kowace kalma tata ta buɗe ɗango:

Haƙuri manomi ke yi ran da ya fita shuka,
Maganin yunwar gidansa ba zai nuna ba sai kaka,
Zaman jira da cirar ciyawa duk shi zai ɗauka,
Duniya dami take gani, ba ta ganin gumin da ya sauka.

Wani ɗalibi mai kaifin basira zai iya tambaya ko za a iya ɓoye kalma ta biyu a haruffan ƙarshen ɗangwaye. A bar shi ya gwada, amma a gaya masa tun da wuri cewa tunda kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa in ban da 'yan kaɗan, samun ɗango mai ƙarewa da K, D ko G abu ne mai wuyar gaske, saboda haka kada a sa wannan cikin aikin da za a ba maki.

Waƙoƙi biyar ko shida da suka fi fice a sa masu su su kwafe su a kwali da babban rubutu, haruffan farko da jan biro ko wani launi dabam, a manna a bangon da ke nesa da taga saboda feshin damina. Sauran kuma malami ya tattara su a fayil ɗaya bayan ya nemi izinin masu su, domin a shekara mai zuwa, idan ya zo mataki na uku, misalin da zai rubuta a ɓangaren dama na allo ya kasance na wani ɗalibi ne da ya zauna a wannan ajin.